Amya Huɗu a Bisa Soron Lado

Lado ƙanin matata Hajara ne, kuma ni na koyar da shi a aji huɗu da aji biyar, saboda haka kada wani ya ce ban san wanda nake magana a kansa ba. Tun yana yaro, idan na jefa wa aji tambaya, shi ne farkon ɗaga hannu tun ban kai ƙarshenta ba. Ya girma bai sauke hannun nan ba. Da mulki ya dawo hannun farar hula ya shiga wannan jam'iyya ya fita, ya shiga waccan, kullum da lasifika a baki, har aka yi zaɓen da kansilan mazaɓarmu ya naɗa shi mai ba shi shawara kan harkar noma. Mutumin da bai taɓa shuka ko albasa a gwangwani ba.

Ni kuwa tun da na ajiye alli na ɗora amya huɗu a kan itatuwan ɗorawa, a 'yar gonata da ke bayan Ƙofar Sauri. Da hannuna na shafe su da kashin shanu, na turara su, na yi ta jira damina ta zo ta wuce kafin ƙudan zuma su yarda su shiga. Wanda bai taɓa jiran ƙudan zuma ba bai san haƙuri ba. Daga cikinsu nake samun abin zubawa a koko da safe, da na lasa wa jikoki idan tari ya kama su.

A daminar da abin ya faru, Alhaji Sule da muke iyakar gona da shi ya shuka sabon irin waken nan da masana suka taɓa halittarsa a ɗakin bincike don tsutsa ta kasa cinsa. Na ji masu cewa alheri ne ga ƙudan zuma, tunda feshin magani zai ragu. Na ji masu cewa akwai masu sayen zuma a ƙasashen waje da ba sa son wadda garin furen irin wannan shuka ya shiga. Na saurari kowa, na ce zan zuba ido in ga abin da ƙudajena za su yi. Iyakar abin da mai hankali zai yi ke nan.

Sai aka tura Lado taron bita na yini ɗaya. Ya dawo da jaka mai tambari da sabon biro, bai ko je gidansa ba ya faɗo zaurena.

"Malam, an gama da zumarka."

"Wa ya gama da ita?"

"Waken Alhaji Sule. Duk ƙudan da ya sauka bisa furen nan, zumar shi ta zama ta inji. Turawa ba su saye."

"Wane Bature ne ya taɓa tambayar zumata? Ko unguwar Rafindadi ba ta taɓa kaiwa ba."

"Ai shi ya sa ba su tambaya ba, Malam. Sun ji labari."

Ya gyara zama ya zayyana mini shirinsa. Za a kwaso amyoyin a kawo su cikin birni, bisa soron gidansa, inda ko kara ɗaya ba a shukawa. Ƙudan da bai ga gona ba, ba zai ga waken Alhaji Sule ba. Zumar da za a samu ita ce ta farko mai tsarki a duk faɗin jihar, kuma kansila da kansa zai ƙaddamar da ita.

Na ce, "To a cikin ganuwa me za su ci?"

Ya dube ni da tausayi. "Haba Malam. Wa ya taɓa kwana da yunwa a Katsina?"

Na ce a'a. Na faɗa a sarari, na kuma kira Hajara na maimaita a gabanta don a samu shaida.

Ba a daɗe ba aka kira mu tantancewar 'yan fansho a Funtuwa, inda na gama aiki, mu je mu zauna a benci har a gamsu ba mu mutu ba. Ina fita garin, Lado ya shiga wurin yayarsa ya ce mun yi waya na amince. Da asuba ya ɗauki mai kurkura suka nufi gonata.

Abin da ya biyo baya daga bakin mai kurkurar na ji shi, leɓensa na sama yana nan kamar an ɗora masa waina. Wanda ya san aikin, da tsumma mai kauri yake toshe bakin amya ya ɗaure. Lado da tsofaffin fastocin zaɓe ya toshe, ya ce ga su nan jibge a ɗaki ba su da amfani. Suna shigowa ƙofar gari kurkura ta daki tudun rage gudu, fuskar ɗan takara ta yi tsalle daga bakin amya ɗaya, jama'ar ciki suka fito gaisuwa. Direba ya dire ya bar mashin yana tafiya shi kaɗai, har sai da ya je ya soki tarin yashin wani mai gini. Lado ya tuɓe babbar riga ya lulluɓe amyoyin, ya rage daga shi sai singileti, ya tura kurkurar da hannu har ƙofar gidansa. Duk wanda ya tambaye shi a hanya sai ya ce kayan gwamnati ne, a matsa.

Na dawo na tarar da itatuwana tsirara, igiyoyi kawai ke lilo. Ban ko sha ruwa ba na isa gidan Lado. Daga titi na hango su a jere bisa soro, kowace an rufa mata gidan sauro, irin wanda aka raba lokacin kamfe.

"Lado! Sauko mini da kayana."

Ya leƙo daga sama. "Sannu da hanya, Malam. An tantance ku?"

"Na ce sauko mini da kayana. Wannan gidan sauron kuma na mene ne?"

"Killacewa ce. Sai abin da suka ci a gona ya fita daga jikinsu."

"Ransu ne zai fita. Dubi yadda suke zuba a ƙasan ragar!"

Ya duba, ya ce waɗannan masu raunin ne, dama ba da su za a yi tafiyar ba. Amma ya yaye ragar. Matakalar soron kuwa ya sa mata kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuya. Na je wa mai unguwa Sada da ƙara, ya ce tunda an riga an gayyaci kansila, in yi haƙuri a gama taro. Na koma gida, Hajara ta ce, "Malam, ƙaninka ne fa. Ka bar shi ya ga iyakarsa." Na ce iyakarsa na sani tun yana aji huɗu, iyakar ƙudajena nake tsoro.

Ƙudan zuma dai suka fito neman abinci a unguwar da babu fure sai na roba a falon amare. Farkon wanda suka samu shi ne Yari mai shayi. Da hantsi ya iso ƙofar Lado da gwangwanin madara a hannu, baƙi ƙirin da ƙudaje.

"Ranka ya daɗe mai ba da shawara, zo ka ba waɗannan shawara. Tun safe babu wanda ya zauna mani a benci."

"Baƙi ne, Yari. A garinmu ba a korar baƙo."

"Baƙon da ya sha mani madara ya harbi mai gida? Liman ya zo shan shayi, da ƙyar ya kai rawaninshi gida."

"Ka riƙa rufe sukarinka."

"In rufe sukari, in rufe madara, in rufe bakin masu sha? To in rufe shagon mana in zo in zauna bisa soronka, ni ma ka killace ni."

Bayan Yari sai Jummai, wadda ke dafa zoɓo da alewa a gidan da ke jikin na Lado. A manyan robobi take shanya zoɓonta ya huce a tsakar gida kafin ta ɗura a gora. Ƙudajena suka gane wurin, suka mayar da shi gonarsu. Ta fito da mayafi a karkace, da ludayi a hannu.

"Lado, fito! Na tace zoɓo na tsame ƙuda, na sake tacewa na sake tsamewa. Yau nama nake sayarwa ko abin sha?"

"Hajiya Jummai, ki duba da kyau. Ba nawa ba ne. Nawa suna da tarbiyya."

"Tarbiyyar wa? Ta Hedimasta da ka raba su da ita, ko taka da babu? Da idona na ga layinsu daga robata har bisa soronka, kamar masu karɓar katin zaɓe."

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk unguwar ba a cewa ƙudajen Lado. Ƙudajen Hedimasta ake cewa. Shekaru ina kiwonsu ba su taɓa harbin ko akuya ba, sai ga shi ina wucewa zuwa masallaci ana nuna mini kumburin goshi.

Da ƙorafi ya yi yawa, Lado ya fito da mataki na biyu. Ya ce matsalar yunwa ce, maganin yunwa kuwa tallafi. Ya roƙi Jummai ragowar zoɓon da ya kwana da ƙanzon tukunyar alewa, ya jera su a faranti a bisa soro, wai don ƙudajen su zauna gida su daina yawo. Ya tsaya a ƙofar gida yana shaida wa masu wucewa cewa an fara rabon tallafi kuma ya isa ga kowa.

Ya isa ga kowa kuwa. Rina ta zo. Ƙudan gida ya zo da danginsa. Sannan tururuwa ta kafa hanya daga kwata ta hau bango, ta gama da faranti ta wuce cikin amya. Ƙudan zuma yana jure abubuwa da yawa, amma ba ya zama gida ɗaya da tururuwa. Na tsaya a titi na faɗa masa ya zuba toka kewaye da amyoyin, ya kwashe farantan nan. Ya ce toka tsohon yayi ce.

Wata safiya amya ɗaya ta tashi gaba ɗaya. Suka dunƙule a reshen bedin da ke ƙofar wanzami, suka yini a nan, wanzami ya yi aski ɗaya tak, shi ma rabi, kafin la'asar suka bar garin.

Na ce, "Lado, ɗaya ta tafi."

Ya ce, "Sun sauya sheƙa ne, Malam. A kowace tafiya ana samun haka. Masu aƙida suna nan."

Ranar ƙaddamarwa aka toshe lungun da rumfa da kujerun roba. Aka rataya ƙyalle mai rubutu: Zuma Tsantsa Ta Cikin Ganuwa. Kansila ya zo da mutanensa cikin farar shadda. An kuma gayyato wani dattijo mai sayar da zuma a Babbar Kasuwa don ya ɗanɗana ya ba da shaida. Ni ba a ba ni kujera a gaba ba. Na tsaya a gefe ina kallon amyoyina uku ana zuro su da igiya daga soro, da rana tsaka, ana kiɗa a lasifika.

Na matsa kusa da shi na yi magana a hankali, don kada a ce na kunyata shi. "Lado, ba a buɗe amya cikin zafin rana. Ba lokacin ɗiba ba ne ma. In ka nace, kashe lasifikar nan, ka samo kara da busasshen kashin shanu ka yi hayaƙi sosai."

"Kashin shanu a gaban mai girma kansila? Malam, an wuce nan."

Ya tafa hannu, aka fito masa da kaskon turaren wuta na matarsa Haulat, da turaren da take ajiyewa don biki. Ya sa hular kwano ta masu babur, ya zura safar ƙafa a hannuwa. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa babbar riga ce mai aiki, buɗe ta dama buɗe ta hagu.

Ya karɓi makirfo ya yi jawabi. Ya ce a taƙaice zai yi, ya fara daga tarihin noma. Ya ce yau Katsina za ta nuna wa duniya zumar da ba ta taɓa ganin gona ba. Aka tafa. Ya kaɗa turaren a bakin amya ta farko, lungu ya ɗauki ƙamshi kamar ɗakin amarya, ya zura hannu ya ɓalo saƙa ya ɗaga sama.

Ja ce wur.

Kowa ya zuba wa saƙar ido. Wani daga cikin mutanen kansila ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya daina.

Lado ya ce, "Kun gani? Haka tsantsarta take. Wadda kuka saba gani ruwan ƙasa, gurɓatacciya ce."

Dattijon kasuwa ya dangwala yatsa ya kai baki. Ya tauna, ya dubi sama, ya sake dangwalawa.

"Alhaji, a faɗa wa jama'a abin da aka ji," in ji Lado, ya kai masa makirfo baki.

"Zoɓo ne," in ji dattijon, duk unguwa ta ji. "Har da kanumfari. Citta ta ɗan yi yawa."

Jummai ta yi guɗa daga ƙofar gidanta. "Nawa ne! Ni kaɗai ke sa citta haka! A ba ni kayana!"

Dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Turaren biki bai kwantar da ko ƙuda ɗaya ba, kuma Lado ya bar bakin amyar a buɗe. Suka fito kamar an kwance buhu. Rigar nan mai buɗaɗɗun hannuwa ita suka fara samu, suka shiga ta dama, ba su fita ta hagu ba. Lado ya yi wata ƙara a makirfo da na tabbata an ji ta har Ƙofar Ƙaura. Ya yi baya ya take amya ta biyu, ya faɗa kan ta uku.

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba, ni da na yi shekaru ina kaɗa ƙararrawar tashi. Masu shadda suka bi ta kan kujeru. Mai kiɗa ya bar kayansa suna yi su kaɗai. Kansila ya faɗa mota ya ɗaga gilashi, sai ya tarar wasu sun riga shi shiga, ya sake fitowa ta ɗaya ƙofar ba hula ba takalmi, ya shige zauren Yari ya turo ƙofa, Yari na waje yana bugawa yana cewa, "Ranka ya daɗe, gidana ne!" Lado ya yar da riga ya yar da safa, hular kwanon ta ƙi fita, ya kutsa gidan Jummai ba sallama ya zauna daɓas cikin robar zoɓo. Ta bi shi da ludayi.

Ni ban gudu ba. Na jingina da bango na rufe fuska da hula, na tsaya cik, kamar yadda duk mai kiwon zuma ya sani. Da hayaniya ta lafa na buɗe ido. Amya biyu sun fashe a ƙasa, jan ruwa yana bin kwata. Ƙudajena suka yi ta kewaya saman rumfar, suka taru wuri ɗaya kamar hadari, suka ɗaga suka haye rufin gidaje. Na bi su da ido har na daina ganinsu.

Washegari aka taru a zauren mai unguwa Sada. An jawo Lado da hannu, don idanunsa sun rufe ruf, kunnuwansa sun yi kamar fanke. Yari ya faɗi nasa, Jummai ta faɗi nata, wanzami ya faɗi nasa. Da aka zo kaina na miƙe tsaye na ce abu ɗaya nake nema: an ɗauki amya huɗu cike da ƙudan zuma ba da izinina ba, a mayar mini da amya huɗu cike da ƙudan zuma.

Mai unguwa ya ce, "Lado, ka ji."

Lado ya juya fuskarsa wajen da yake zaton nake, ya yi wa bango magana. "Allah ya ba mai unguwa nasara, a tambayi Malam. Me na yi alkawari? Na ce ƙudajenshi ba za su ƙara zuba mashi zumar waken nan a amya ba. Sun zuba?"

Wallahi sai na ji wasu suna cewa, "Ka ji kuma wata magana."

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce abu ne na 'yan'uwa. Lado ya ɗinke amyoyin da suka fashe ya mayar da su kan ɗorawa. Batun ƙudaje kuwa, masu fiffike ne, ba a hannun kowa suke ba, sai a haɗa da addu'a. Na ce da suna hannuna ai ba su tashi ba. Aka ce in yi haƙuri. Aka shafa fatiha ina tsaye.

An mayar da amyoyin. Suna nan a rataye, suna ƙamshin turaren biki, ko ƙuda ɗaya bai leƙa ba. Waken Alhaji Sule ya yi fure ya zuba, ya yi kwanso, an yi roro, ban samu damar sanin ko yana cutar da ƙudan zuma ko yana amfanarsu ba, don ba ni da ƙudan da zan gani a kansu.

Kansila kuwa da kumburinsa ya saɓe ya ce ba zai bari irin wannan ta sake faruwa a mazaɓarsa ba. Ya kafa kwamitin sa ido kan masu kiwon zuma, ya ce a nemo wanda ya fi kowa sanin haɗarin abin a jikinsa ya shugabance shi. Ba sai na faɗi wanda aka samo ba.

Jiya da hantsi ina gona sai ga shi da jakarsa mai tambari, wai ya zo duba. Ya sa tsani ya hau, ya leƙa amya ta farko, ya leƙa ta biyu, har ta huɗu. Ya sauko yana kakkaɓe hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Albishirinka, Malam. Duk mazaɓar nan babu mai amya mai tsabta irin taka. Ko ɗigon gurɓatacciyar zuma babu."

Na janye tsanin na kwantar a ƙasa, na nuna masa gindin ɗorawa. Na ce ya zauna nan ya jira su, yadda na jira su. Ya ce yana da taro ƙarfe goma sha biyu. Na ce ni ma da nake jiransu ina da wurin zuwa. Hajara ta ji ƙaninta yana gona, ta aiko a tambaye ni ko zai biyo cin abincin rana. Na ce a faɗa mata ya danganta da ƙudan zuma.